Sarewar Azurfa A Akwatin Baba: Nawa Ne Kuɗin Abin Gado?

A ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya ɓalle ya shiga Maiduguri, ya mamaye Gwange, Fori, Kasuwar Monday da harabar fadar Shehu. Shekara talatin ke nan cif tun ambaliyar 1994. Da ruwa ya janye, iyalai suka fito da akwatunan da suka daɗe ba a buɗe ba, suka shanya abin da ke ciki a rana. Hotuna sun manne da juna, takardu sun narke, tufafin bikin iyaye sun rine da taɓo. A cikin irin wannan shanya ce magada da yawa suka yi ido biyu da kayan da iyayensu suka bari, a daidai lokacin da bango ya faɗi, hatsi ya ruɓe, aljihu kuma ya bushe.

A ɗauki misali guda, wanda misali ne kawai, amma duk mazaunin birnin ya san irinsa. Wani dattijo ya yi aikin ɗan sanda, yana cikin 'yan badujala, ya rasu ya bar 'ya'ya uku. A ƙasan akwatinsa aka sami wani siririn gida na fata, a cikinsa akwai sarewar Turawa mai gaɓa uku, irin wadda ake busawa a kaikaice, ta yi baƙi saboda daɗewa. Kowa a gidan ya tashi yana jin ana cewa ta azurfa ce. Babban wa ya ce a sayar a gyara ɗakin mama. Ƙanwarsa ta ce ko da za ta kwana da yunwa ba za a taɓa kayan Baba ba. Autansu kuwa yana da ɗiya a cikin ƙungiyar mawaƙa, wadda take ɗokin a ba ta ta koya. Dillali ya riga ya ji labari, ya zo ya taya.

Dukansu suna tambaya ɗaya: nawa ne darajarta? Amma kowannensu da abin da yake nufi da daraja. Muddin ba a warware wannan ba, za a yi ta gardama har zumunci ya yi tsami, alhali ba a ma fahimci juna ba.

Abin da sikeli yake faɗi

Amsa mafi sauƙi tana wurin maƙerin fari. Shi bai damu da wanda ya busa sarewar ba, zai ɗora ta a sikeli. Kafin a kai gare shi, ya kamata iyali su san cewa yawancin sarewar da ake kira ta azurfa ba azurfa ba ce har ciki. An fi ƙera na 'yan makaranta da na badujala da wani haɗi na jan ƙarfe, nikel da tutiya, wanda ko ƙwayar azurfa babu a cikinsa, sa'an nan a shafe bayansa da ruwan azurfa mai kaurin da bai kai na takarda ba. Alamarsa ita ce wuraren da yatsu suka fi taɓawa sukan goge, wani launi dabam ya fito daga ƙasa.

Wadda take ta azurfa sosai takan zo da hatimi. Lamba 925 tana nufin kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce, sauran kuma galibi jan ƙarfe ne da ake ƙarawa don ta yi ƙwari. A kayan Ingila akan ga ɗan hoton zaki yana tafiya, tare da alamar garin da aka gwada ƙarfen: kan damisa na Landan, ƙugiyar jirgin ruwa ta Birmingham. Akwai kuma wadda kanta kaɗai ne azurfa, sauran jikin shafe ne.

A ce an yi sa'a, sarewar azurfa ce daga kai har ƙafa. Nauyin irin wannan yakan kasance tsakanin giram 400 da 500, a ciki har da sandunan baƙin ƙarfe da 'yan matasan da ke toshe ramuka. In aka ce giram 400 ne na azurfa mai lamba 925, tsantsar azurfar da za ta fita giram 370 ce, wato kusan oza 12 a awon 'yan kasuwar azurfa, inda oza ɗaya take giram 31.1.

Mutanen Borno suna da tsohon ma'auni da za su gane wannan da shi. Lokacin da matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya iso Kukawa a 1851, ya tarar ana ciniki da gabaga, da wuri, da kuma liyari, wato dalar azurfa ta Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tarisa. Kowace ɗaya tana da nauyin giram 28, tsantsar azurfarta kuwa giram 23 da 'yan kai. Saboda haka in aka narkar da sarewar Baba, abin da zai fita bai wuce azurfar liyari 16 ba. Liyari kanta tana da darasi ga mai ƙiyasta tsohon kaya. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsu, a Biyana da wasu biranen, har cikin ƙarni na ashirin. Wanda ya ga 1780 a jikin liyarin kakarsa ya ɗauka shekarunta ke nan, ya ruɗi kansa. Rubutun jikin kaya shaida ce da ake bincika kafin a gaskata.

Farashin azurfa kuma ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 1979 oza ɗaya tana wajen dala 6. Wasu attajirai 'yan'uwan juna na Texas a Amurka, 'yan gidan Hunt, suka yi ta saye suna tarawa, har a Janairun 1980 ta kusa dala 50. Mutane a Amurka da Ingila suka yi layi a shagunan masu saye, ɗauke da cokula, butocin shayi da kayan adon kakanninsu, aka narkar da da yawa daga ciki. A ranar 27 ga Maris na wannan shekara farashin ya rushe zuwa wajen dala 11. Kasuwa ta koma inda take, amma abin da wuta ta narkar bai dawo ba.

Abin da hannun gwani ya ƙara

Sarewa ta fi dunƙulen ƙarfe, domin wani ya zuba hikimarsa a cikinta. Fasalin da ake amfani da shi a duniya yanzu aikin Theobald Boehm ne na birnin Munik a Jamus, ɗan maƙerin zinariya wanda shi kansa maƙeri ne kuma mabushi. A 1847 ya fito da sarewa ta azurfa mai miƙaƙƙen ciki, ya huda ramuka manya a wuraren da lissafin sauti ya nuna, sa'an nan ya ƙera marufai masu haɗe da juna domin yatsu tara su iya sarrafa su duka. Daga baya wasu gidaje suka yi suna a wannan sana'a: Louis Lot a Faris tun 1855, Rudall Carte a Landan, Haynes da Powell a Boston. Sarewar da ke ɗauke da sunan irin waɗannan gidaje, da lambar ƙira, tana kuma da lafiya, kuɗinta yakan ninka na ƙarfenta sau da yawa.

A 1986 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da wata sarewa a kan dala 187,000. Verne Powell ne ya ƙera ta da filatinam, wani farin ƙarfe mai tsada, domin bikin baje kolin duniya na New York a 1939, daga baya ta zama ta William Kincaid, wanda ya shekara kusan arba'in yana jagorancin masu busa sarewa a ƙungiyar makaɗan Filadelfiya. Ƙarfen yana da tsada, amma sunan maƙerin da na mabushin su ne suka kai ta can.

Kada wannan labari ya sa iyali su fara gina bene a zuci. Tsufa kaɗai ba ya ƙara wa sarewa kuɗi, wani lokaci ma ragewa yake yi. A 1859 Faransa ta tsayar da ma'aunin sauti a kan girgiza 435 a daƙiƙa, a 1939 wani taro a Landan ya amince da 440, tsofaffin kayan busa na sojan Ingila kuwa sun fi haka tsini. Don haka tsohuwar sarewa tana iya ƙin daidaita da molo ko kibod na majami'a. Zafin Maiduguri da hunturu suna busar da matasan marufai su tsage, ruwan ambaliya kuma yana sa sandunan ciki tsatsa. Gyaran waɗannan sai gwani, kuma da kuɗi. Abu guda da bai kamata ya tsorata kowa ba shi ne baƙin da ta yi: haka azurfa take yi in ta daɗe a iska, kuma yana fita. Abin da ke ɓata ta shi ne a dirje ta da toka ko yashi, ko a bar maƙeri ya kankare jikinta don ya ɗiga ruwan gwaji.

Ciniki da wanda bai sani ba

Nan ne maganar ta tashi daga ƙarfe ta koma kan hali. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cinikin tsohon kaya kusan kullum ɗaya ya sani, ɗaya bai sani ba. Dillalin da ya ga hatimi ya gane, ya yi shiru, ya taya sarewar a kuɗin tsohon ƙarfe, yana iya cewa bai yi ƙarya ba, mai kaya ne ya sallama da bakinsa. Littafin Karin Magana ya san irin wannan mai saye: sura 20 ta kwatanta wanda yake kushe kaya a gaban mai shi, in ya tafi da shi kuma ya yi ta fahariya. Sura 11 ta fara da la'antar ma'aunin algus. Ma'auni yakan yi algus ta wurin dutsen awo, yakan kuma yi ta wurin shirun wanda ya san gaskiya.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ba da labarin wani mutum da aka kawo wa littafi na sayarwa. Mai littafin bai san kuɗinsa ba, ya faɗi kaɗan. Mai sayen ya biya shi cikakken kuɗin da ya dace, wanda ya zarce abin da aka nema nesa. Bayan shekara ɗari takwas, Toma Akwinas ya ɗauko wannan labari, ya ƙara da cewa in mai sayarwa ya ɗauki zinariya a matsayin tagulla, mai saye kuwa ya sani, cinikin zalunci ne kuma wajibi ne a mayar da haƙƙi. Wannan hukunci ya fi nauyi a garin da masifa ta auka wa. Bayan gudun hijirar 2014, da gobarar Kasuwar Monday ta 26 ga Fabrairu, 2023, da ambaliyar 2024, mutane da yawa sun rabu da kayansu don ba su da zaɓi. Wanda ya arzuta da karyar da farashin kayan maƙwabcinsa a irin wannan rana, ribarsa hawayen wani ce.

Takobin yana da kaifi biyu. In gwaji ya nuna sarewar shafe ce kawai, magada ba su da ikon su goge ta ta yi ƙyalli su sayar wa baƙo da sunan azurfa. Akwai kuma cuta ta cikin gida, wadda ta fi ta kasuwa muni: ɗan'uwan da ya je a ɓoye ya binciko kuɗin kaya, ya dawo ya ce wa sauran ba komai ba ne, a bar masa don tunawa da Baba. Ashe neman sanin kuɗin abin gado ba rashin kunya ba ne ga mamaci. Kariya ce ga gwauruwa da marayu, kuma shi ne tushen rabo na adalci.

Inda ake cewa albarka

A kasuwar Hausa, in an taya kaya kuɗin bai kai ba, mai kaya yakan ce albarka. Yawanci yana nufin a ƙara. Amma akwai albarkar da ba ta jiran ƙari. Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, ya ba da labarin Nabot mutumin Yezreyel, wanda sarki Ahab ya nemi gonar inabinsa. Tayin ba na cuta ba ne a fuska: ko a ba shi gonar da ta fi tasa, ko a biya shi kuɗinta. Nabot ya ƙi, domin gādon kakanninsa ce, kuma wannan ƙi ya jawo masa mutuwa. Bai ce kuɗin ya yi kaɗan ba. Ya ƙi yarda a sa gonar cikin jerin abubuwan da ake tayawa. Masanin nan na Jamus, Immanuel Kant, ya faɗi kusan haka a 1785, inda ya raba abin da yake da farashi, wanda za a iya musanya shi da makamancinsa, da abin da yake da mutunci, wanda ba shi da madadi. Shi kan ɗan Adam yake magana, amma kayan da rayuwar mutum ta shiga cikinsu sukan ɗan ɗebi wannan hali.

Maiduguri tana da misalin wannan a ƙofar fada. Tun a 1823 Baturen nan Dixon Denham ya rubuta labarin dogayen ƙahonin da ake busa wa sarakunan Borno, Tarihin Kano kuma ya danganta fara busa kakaki a Kano da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. In aka auna kakaki a sikelin 'yan gwangwan, kuɗinsa kaɗan ne. Duk da haka ba wanda zai yi tunanin kai shi can, domin mabushin fada riƙo yake yi. Ya karɓa daga na gabansa, zai miƙa wa na bayansa, kuma darajar abin tana cikin aikin da yake yi ranar hawa. Dokar ƙasa ma ta yarda akwai kayan da suka fi ƙarfin mai riƙe da su: dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba da takarda ba. Iyalin da suka gaji tsohon kayan ƙasa, kamar kakaki, algaita ko kayan doki, gara su nemi shawarar gidan tarihi kafin su saurari dillali.

Ƙanwar da ta ce ba za a taɓa kayan Baba ba tana tsaye a kan wannan gaskiya. Sarewar ita ce abin da ya ciyar da gidan. Numfashin mahaifinsu ya bi ta cikinta shekara da shekaru, yatsunsa ne suka goge marufanta. Wata sabuwa, ko ta fi ta kyau, ba za ta zama ita ba.

Hatsarin ajiya

Amma ita ma ƙanwar akwai tambayar da za ta amsa. Sarewar ta shekara nawa a ƙasan akwati ba wanda ya tuna da ita sai da ruwa ya tono ta? Ajiyar da ba ta amfanar kowa takan rikiɗe ta zama wani abu dabam. Macijin tagulla da Musa ya ƙera a jeji ya taɓa zama hanyar warkarwa. Bayan ɗaruruwan shekaru, Littafin Sarakuna na Biyu, sura 18, ya nuna mutane suna ƙona masa turare, har sarki Hezekiya ya farfashe shi, aka kuma lasafta wannan cikin ayyukansa nagari. Abin gado yana iya zama gunki a cikin gida: ba a busa shi, ba a ba da aronsa, ba a ko ba da labarinsa, sai dai a yi faɗa a kansa. In uwa tana kwana a ɗakin da rufinsa ya buɗe saboda ana girmama ƙarfen mijinta da ya rasu, an fifita abin tunawa a kan wadda shi mamacin ya fi ƙauna.

Littafin Ƙidaya, sura 10, ya ambaci kakaki biyu na azurfa da aka umarci Musa ya ƙera. Nan take aka faɗi aikinsu: kiran taro, tashin zango, gargaɗin yaƙi da murnar idi. An zaɓi azurfa ne domin aikin yana da girma. Abin busa da ba a busawa ya rasa dalilin da aka ƙera shi dominsa, ko da yana nan lafiya a cikin gidansa na fata.

Wa ya kamata ya riƙe ta?

Abin mamaki, masana sun daɗe suna amfani da sarewa wajen koyar da adalci. Aristotle na Girka, fiye da shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, ya ce in za a raba sarewa masu kyau, kada a duba asali ko kyan fuska, a ba wanda ya fi iya busawa. A 2009 Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya sami lambar Nobel a 1998, ya kawo misalin yara uku da sarewa ɗaya. Ta fari ita kaɗai ta iya busawa. Na biyu matalauci ne, ba shi da abin wasa ko ɗaya. Ta uku ita ta ƙera ta da hannunta. Sen ya nuna cewa kowannensu yana da hujja mai ƙarfi, kuma mutane masu hankali da gaskiya suna iya saɓawa a kan wanda za a ba.

Wannan ya kamata ya sanyaya zukata a gidan marigayi ɗan badujala. Babban wa ba maci amana ba ne don ya ce a sayar, yana duban bukata. Ƙanwa ba mai taurin kai ba ce, tana duban amana. Auta kuma ba wayo yake yi wa 'yarsa ba, yana duban abin da aka yi sarewar dominsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar takan fara ne ranar da kowa ya ɗauki hujjar ɗan'uwansa a matsayin mugun nufi.

Duk da haka ba a rasa hanya ba, domin mallaka da riƙo ba dole su zauna a hannu ɗaya ba. Abin da fada ta daɗe tana yi, gida ma zai iya. Sarewar ta zama ta dukan magada, riƙonta ya koma hannun wadda za ta busa, da sharaɗin ba za ta sayar ko ta jinginar ba, kuma in ta daina za ta miƙa wa wani a cikin dangi. A rubuta wannan a takarda, a gaban dattawa biyu, kowa ya sa hannu. In ba wata larura ta rai ko ta lafiya, wannan shi ne rabon da ya fi kusa da adalci, domin shi kaɗai ne yake kiyaye amana ya kuma bar kayan ya yi aikinsa.

In sayarwa ta zama dole

Wani lokaci larurar tana nan da gaske. Akwai aikin tiyata da ba ya jira, akwai rufin da damina za ta tarar a buɗe, akwai yaron da za a kora daga makaranta. A nan sayar da abin gado ba zunubi ba ne, kuma kada wani ya ɗora wa gwauruwa laifin da Allah bai ɗora mata ba. Uban kirki da ya ga jikansa a gadon asibiti, shi da kansa zai fara miƙa sarewar. Laifin Isuwa a Farawa 25 ya ta'allaka ne a kan yadda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari: cikin gaggawa, saboda yunwar yini ɗaya, da raini ga abin da aka ba shi. Sauri ya haifi nawa.

Saboda haka mai sayarwa ya bi a hankali. Ya karanta sunan maƙeri, lambar ƙira da hatimi, ya ɗauki hotonsu, ya nemi ra'ayin aƙalla mutum biyu da ba su da niyyar saye, kamar malamin kiɗa ko shugaban badujala na soja ko na 'yan sanda. Manyan gidajen ƙira da suke raye suna iya gane shekarar kaya daga lambarsa, kuma a zamanin intanet aika musu hoto ba shi da wuya. Duk abin da aka samo a faɗa wa dukan magada, har mata da waɗanda suke nesa. A san la'adar dillali tun kafin ciniki. In akwai zaɓi tsakanin mai narkarwa da mai busawa, a zaɓi mai busawa ko da kuɗinsa ya ɗan gaza, domin sayarwa tana canja hannu ne kawai, narkarwa kuwa ba ta da gyara. Kafin duk wannan, a fara ba dangi dama: mai hali a cikinsu ya biya sauran rabonsu, kayan ya zauna a gida.

Iyaye masu rai su ma suna da aiki. Yawancin rigimar gado tana tasowa ne daga shirun mamaci. Wanda yake da abin da yake so ya wuce shi, ya rubuta wasiyya, ya kuma zaunar da 'ya'yansa ya gaya musu inda ya samo shi, da wuraren da ya yi aiki da shi, da wanda yake fatan ya riƙe. Wannan labari ba ya cikin lissafin maƙeri, kuma shi ne kashin gādon da in an raba wa mutum goma kowa zai samu cikakke.

Kammalawa

A koma gidan nan na misali. A ce malamin kiɗa ya duba, ya girgiza kai, ya ce sarewar shafe ce, kuɗinta ba zai sayi ko bandir ɗin kwano ɗaya ba. A ranar ne kowa zai san abin da yake so tun farko. Wanda kuɗi ya kawo shi zai tashi ya kaɗe rigarsa. Waɗanda suka rage za su ga cewa abin da ya sa suke kiranta sarewar Baba yana nan yadda yake, domin tun asali ba a sikeli yake ba. In kuwa ta fito azurfa tsantsa mai sunan babban maƙeri, jarrabawar ta fi tsanani, amma tambayar ba ta canja ba.

Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji masu iya magana, kuma gādon da suke nufi ya haɗa da halin uban da sana'arsa. Magaji mai riƙon amana ne tsakanin wanda ya wuce da wanda bai zo ba tukuna. Ana bukatar ya san gaskiyar kuɗin abin da ke hannunsa, ya faɗe ta a fili ga 'yan'uwansa, ya kuma yanke shawara yana duban masu rai. Iyalin da suka yi haka, ko sarewar ta tafi ta zama rufin ɗakin mama, ko ta zauna jika ta busa ta ranar Kirsimeti, za su iya zama a tabarma ɗaya su ci tuwo bayan an gama rabo.